Ƙwarya Ta Bi Ƙwarya: Da Wane Ma'auni Ake Auna Ƙwaryar?

Gabatarwa

Hausawa na cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. Ba a cika jawo wannan karin magana ba sai a wurin zancen aure, musamman idan yaro ya ɗaga kai ya hango 'yar gidan da ake ganin ya fi nasu, ko kuma yarinya ta nace wa saurayin da iyayenta ke ganin bai kai ba. Da zarar dattijo ya faɗe shi, yawanci magana ta ƙare ke nan, domin kowa ya san ƙwarya ba ta jure gogayya da akushi. To amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. A cikin 'yan Adam, wane ne ƙwarya, wane ne akushi, kuma wa ke riƙe da ma'aunin? Asali ne ma'aunin, ko dukiya, ko hali? In kuwa duka ukun ne, wanne ya kamata ya rinjaya ranar da suka saɓa wa juna?

Wannan tambaya ce nake so mu tattauna tare da mai karatu. Zan kafa hujja da wani tsohon littafin soyayya na Ingila da kuma wasu namu na Hausa guda uku, sa'an nan mu dubi abin da malamanmu na fiƙihu suka faɗa, da abin da mu kanmu muke aikatawa a garuruwanmu na kwarin Rima.

Gidan da babu ɗa namiji

A shekarar 1813 aka buga littafin wata Baturiyar Ingila mai suna Jane Austen, wanda ake kira Pride and Prejudice, wato kusan a ce girman kai da yanke wa mutum hukunci tun ba a san shi ba. Labarin wani magidanci ne, Bennet, mai 'ya'ya mata biyar, babu namiji ko ɗaya. Gonakinsa na kawo masa fam 2,000 a shekara, abin da ya isa a zauna cikin rufin asiri. Sai dai an ɗaure gidan da gonakin da wata ƙa'idar gado wadda ta ce namiji kaɗai zai gaje su. Saboda haka ranar da Bennet ya rufe ido, wani ɗan uwansa limamin coci mai suna Collins zai kwashe kome, uwa da 'ya'yanta biyar su nemi wurin zama. Wannan ne ya sa uwar ba ta da zance dare da rana sai na yadda za ta aurar da su ga masu hali. Marubuciyar ta mai da ita abin dariya, amma duk wanda ya taɓa ganin gwauruwa da marayu mata ya san tsoronta na gaskiya ne.

Aure uku ne suka fi ɗaukar hankali a littafin. Na farko na Charlotte, aminiyar Elizabeth, 'ya ta biyu a gidan Bennet. Collins ya nemi Elizabeth ta ƙi shi domin ta ga wawa ne mai fadanci. Kwana kaɗan bayan haka ya juya ga Charlotte, mai shekara 27, wadda ba ta da kyau na a zo a gani kuma ba ta da dukiya, ita kuwa ta karɓa hannu biyu. Ba ta yaudari kanta ba. Ta san ba ta son sa, ɗaki take nema da abin sawa a baki. Na biyu na Lydia, autar gidan, wadda ta gudu da wani soja mai daɗin baki da tarin bashi, Wickham, tana 'yar shekara 16, ta kusa jawo wa 'yan uwanta duka baƙin jini. Na uku na ita Elizabeth da Darcy, mai samun fam 10,000 a shekara. Da farko da ya nemi aurenta, sai ya haɗa da gaya mata irin yadda ya yi ta kokawa da zuciyarsa saboda danginta ba su kai nasa ba. Ta ƙi shi, ta kuma gaya masa dalili ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Sai daga baya, da ya gyara halinsa, ita ma ta gane ta yi masa mummunan zato a wasu abubuwa, sa'an nan suka daidaita.

Ga auren neman mafaka, ga auren son zuciya, ga kuma auren da aka gina a kan ganin girman juna. Ko shakka babu marubuciyar na ukun take so mu zaɓa.

Namu littattafan

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Cikin littattafan ƙagaggun labarai biyar na farko da aka buga a Zariya bayan gasar shekarar 1933 akwai Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East. Abubakar da Zainabu suna son juna, sai ga Malam Shehu, attajirin da ke neman haihuwa ido rufe, ya shigo da dukiyarsa ta rinjayi al'amarin. Abubakar ya bar gari ya shiga duniya neman asirin ramuwa, asirin kuwa ya faɗa a kan Kyauta, ɗan da aka haifa a wannan aure, wanda ya tashi ɓarawo, daga ƙarshe ya zama ajalin ubansa. Abin lura a nan shi ne wanda ya fi kowa shan wahala bai san hawa ba bai san sauka ba, domin ko cikinsa ba a yi ba lokacin da aka yi cinikin.

A shekarar 1980 Kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, inda Boɗaɗo, 'yar Fulani, ta kafe a kan Yasir, wanda ba Bafulatani ba ne, danginta suna ƙi. A nan asali ne shingen. Sa'an nan a 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, inda Sumayya, 'yar masu kuɗi, ta ga Muhammad, ɗan talakawa, ta ce sai shi, gidansu kuwa suka fi son attajiri Abdulƙadir, har abin ya kai ta ga faɗawa rijiya. Irin karɓuwar da wannan littafi ya samu a wurin matasa, da irin sukar da shi da ire-irensa suka sha daga wasu manya a shekarun 1990, sun nuna cewa ya taɓa wuri mai ciwo. Har yau labaran da 'yan mata ke karantawa a wayoyinsu, mafi yawansu a kan wannan gaɓa suke juyawa: ɗan sarki da 'yar talla, 'yar minista da direban gidansu.

Tsakanin 1813 da yau an haura shekara 200, tsakanin Ingila da ƙasar Hausa kuwa akwai teku da hamada, amma tambayar ba ta sauya ba.

Zancen asali

Bari mu fara da asali. A ƙasar Hausa, kafin a tambayi abin da saurayi yake yi, akan tambayi ɗan wane ne. Wani masanin halayyar al'umma, M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 yadda Hausawa ke jera mutane bisa sana'a: masu sarauta a sama, sai malamai da attajirai, sai manoma da sauran masu sana'a, can ƙasa kuma mahauta da makaɗa da maroƙa. Ya kuma nuna bambancin da ake yi tsakanin wanda ya gaji sana'a da shigege. Mu nan yamma mun san wannan jeri ba sai an karanta mana ba. Mutum zai ci naman da runji ya yanka kullum, ya yi ciniki da shi shekara talatin, su tsaya sahu ɗaya a masallaci kafaɗa da kafaɗa, amma ranar da ɗan runjin ya aiko neman 'yarsa sai a ji ana ƙus-ƙus a zaure.

Akwai wanda ya fi wannan muni, wato tonon bauta. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara ɗa ne, a 1936 kuma aka soke bauta ɗungurungum a Arewa. Duk da haka har gobe akwai gidajen da tsohuwa za ta rage murya ta ce kakan kakan yaron nan sayo shi aka yi, kuma wannan kalma ɗaya ta isa ta warware baikon da aka yi wata shida ana ƙullawa.

Mu da ke zaune a Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, muna da ƙarin darasi. Kusan duk ƙarni na 19 Kabawa da mutanen Gwandu da Sakkwato suna gaba da juna, sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ake danganta mafarin bikin kamun kifi na zamani da ita. Wanda ya rayu a tsakiyar waccan gaba zai iya rantsuwa cewa jinin nan biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Yau ga jikokinsu nan a aji ɗaya, da yawansu uwa daga nan uba daga can. Ashe abin da wani zamani ya ɗauka katanga ce ta dutse, wani zamanin yakan tarar da ita ta kara ce.

Shi kansa Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, labarin baka ya ce a ƙuruciyarsa kiwon shanun Fulani ya yi. Da a lokacin ya nemi 'yar wani basarake, da wataƙila an karanta masa karin maganar ƙwarya da akushi. Haka Mamman Shata, wanda mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba domin yana ganin roƙo ce, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Kowane babban gida da muke taƙama da shi, in aka bi salsala, akwai mutum na farko da ya kafa shi, wanda shi bai gaji kowa ba. Saboda haka asali tarihin ƙoƙarin wani ne, ba shaidar halin jikansa ba.

A nan ya kamata mu lura da wani abu game da Elizabeth. Lokacin da 'yar uwar mahaifiyar Darcy, Lady Catherine, wadda ta so ya auri 'yarta a yi tuwona maina, ta zo har gida tana yi mata gorin dangi, amsar da Elizabeth ta ba ta ita ce ubanta ma mai gonaki ne ɗan asali kamar Darcy, don haka daidai suke. Wato ba ta ƙi ma'aunin ba, cewa ta yi an auna ta ba daidai ba. Da 'yar mai wankin gidan ce, da littafin bai ba ta bakin magana ba. Mu kula kada mu ma tawayenmu ya tsaya a nan, mu yi fushi idan an raina gidanmu, mu kuma raina na ƙasa da mu.

Abin da malamai suka ce

Malaman fiƙihu suna da babi a kan wannan, wanda suke kira kafa'a, wato dacewar miji da mata. Mazhabar Hanafiyya da ta Shafi'iyya sun sa nasaba da sana'a cikin abubuwan da ake dubawa. Amma mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi a ƙasar nan, abin da ya shahara a cikinta shi ne kafa'a tana ga addini da kuma kuɓuta daga aibobin da ke sa a raba aure. Wanda ba sharifi ba yana iya auren sharifiya, mai ƙaramin matsayi yana iya auren 'yar babban gida. Wannan yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu tun zamanin Malam Abdullahin Gwandu da kafinsa.

Tarihin farkon Musulunci ma cike yake da misalai. Nana Khadija attajira ce, ita ta nemi auren wanda ta ɗauka ya yi mata fatauci, saboda amanar da ta gani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shawarci Faɗimatu 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usamatu ɗan Zaidu, wanda ubansa 'yantaccen bawa ne. Ya umurci wata ƙabila ta Madina su yi auratayya da Abu Hindu, wanda sana'arsa ƙaho ce, wato wanzami. Ta ɓangaren yardar mace kuma, ya warware auren Khansa'u 'yar Khizamu da ubanta ya ɗaura ba da son ta ba, kuma da Barira ta ƙi komawa ga mijinta Mugisu, bai tilasta ta ba ko da yake shi da kansa ya sa baki.

To abin mamaki, mutumin da zai yi faɗa da kai a kan ƙabalu da ba'adi bisa mazhabar Malik, ranar aurar da 'yarsa sai ya ajiye Malik ya ɗauko ma'aunin kakarsa.

Hujjar iyaye

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin iyayen da ke cewa ƙwarya ta bi ƙwarya ba duka ne masu girman kai ba. Hujjarsu ta farko ita ce aure a wurinmu ba na mutum biyu ba ne. Yarinya za ta zauna da uwar miji da ƙannensa da facaloli, wataƙila da kishiya. In ta fito daga gidan da ya fi nasu, kome ta yi a ce taƙama ce. In ta fito daga wanda bai kai ba, kullum gori, tun daga kayan ɗakinta har zuwa garar da aka kawo. Hujja ta biyu ita ce sabo. Wadda ta tashi da famfo a tsakar gida, ranar da aka miƙa mata guga za ta yi haƙuri wata ɗaya ko shekara ɗaya, amma haƙurin da aka gina a kan ɗoki yana da iyaka. Hujja ta uku, so hana ganin laifi. Yarinya 'yar shekara 17 ba ta iya bambanta Darcy da Wickham ba, kuma ita Elizabeth ɗin ma, da duk wayonta, Wickham ta fara gaskatawa. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Waɗannan hujjoji suna da nauyi, kuma wanda ya yi watsi da su bai san zaman gidan Bahaushe ba. Sai dai in muka dube su da kyau, za mu ga kowacce tana nuni ne ga wani abu da ya wuce asalin kansa. Gorin dangin miji laifin masu gorin ne, maganinsa a hana gori, kuma namijin da ya isa namiji shi ke tsare wa matarsa mutunci a gidansu. Zancen sabo gaskiya ne, amma abin da yake bukata shi ne a zaunar da yarinya a gaya mata irin rayuwar da za ta tarar, a bar ta ta je ta ga gidan da idonta. Zancen ƙuruciya kuwa yana wajabta wa uba bincike: a tambayi abokan cinikin yaron, da maƙwabtansa, da waɗanda ke ƙarƙashinsa. Abin da ya fara juya zuciyar Elizabeth game da Darcy, bayan wasiƙarsa, shaidar tsohuwar mai kula da gidansa ce, wadda ta san shi tun yana yaro, ta yabi yadda yake riƙon barori da talakawan da ke noma gonakinsa. Wannan shi ne binciken da ya dace da waliyyi. Uban da ya tsaya a kan ɗan wane ne, ya huta da wahalar gano wane ne, ragon aiki ya yi, ko da ya kira shi hangen nesa.

Zancen dukiya

Dukiya dabam take da asali, domin ita tana da haƙƙi a cikin aure. Ci da sha da tufafi da wurin kwana wajibi ne a kan miji, saboda haka uban da ya tambayi sana'ar mai neman 'yarsa bai yi kwaɗayi ba, aikinsa ya yi. Soyayya ba ta sayen buhun gero. Amma akwai iyaka tsakanin tambayar ko zai iya riƙe ta da tambayar wa ya fi tsoka. Ta farko kariya ce ga yarinya. Ta biyu gwanjo ne, kuma ita ce ta halaka gidan Malam Shehu a Jiki Magayi.

Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne. Amma mun kewaye wannan ɗan ƙaramin wajibi da kayan na-gani-ina-so, da toshi, da akwatunan lefe, ta ɓangaren amarya kuma da gado da kujeru da jere da gara, har aure ya zama abin da malamin makaranta ko manomin shinkafa zai yi shekaru yana tari kafin ya tunkare shi. Da hannunmu muka mai da kuɗi ma'auni, sa'an nan muka dawo muna zargin 'yan mata da son abin duniya. Kasancewar Gwamnatin Kano, ta hannun Hukumar Hisba, ta shiga ɗaukar nauyin aurar da zawarawa tun daga 2012, har ta aurar da ma'aurata 1,800 a rana ɗaya a 2023, ya isa shaida cewa nauyin da muka ɗora wa kanmu ya fi ƙarfin talaka.

Inda littattafan suka sauƙaƙa wa kansu

A nan ina da ƙorafi a kan marubutan soyayya, na Ingila da namu. Sukan kuɓutar da tauraruwarsu daga zaɓi mai ɗaci. Elizabeth ta ƙi auren kuɗi, sai aka saka mata da mijin da ya fi kowa kuɗi a littafin. A namu ma, sau da yawa talakan saurayi yakan yi arziki kafin shafi na ƙarshe, ko a gano ashe ɗan sarki ne da ya ɓata, shi kuwa attajirin a gano mugu ne. Ta haka mai karatu ke tashi da zaton cewa duk wadda ta bi zuciyarta za ta sami so da dukiya gaba ɗaya. A rayuwa kuwa, sau da yawa talakan yana nan talakansa har tsufa, attajirin kuma mutumin kirki ne, sai dai kawai ba a son sa.

Rayuwar ita Jane Austen ta fi littafinta faɗin gaskiya. A watan Disamba na 1802 wani saurayi magajin babban gida ya nemi aurenta, ta amsa da dare, gari na wayewa ta janye. Ba wani Darcy da ya zo daga baya. Mahaifinta ya rasu a 1805, ita da uwarta da yayarta suka koma dogaro da 'yan uwanta maza, har ɗaya daga cikinsu ya ba su ɗan gida a ƙauyen Chawton a 1809. Littafin nan da duniya ke karantawa har yau, fam 110 ta sayar da shi. Ta rasu a 1817 tana da shekara 41, ba ta taɓa aure ba. Wannan shi ne ainihin farashin ƙin auren da zuciya ba ta so a zamaninta, kuma ta biya shi.

To, Charlotte ta yi laifi?

Ni a ganina ba ta yi ba. Ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ta kuma riƙe gidanta da mutunci. Wanda ya cancanci zargi shi ne tsarin da ya bar mace mai hankali irinta ba ta da ƙofar rufin asiri sai ɗakin wawa. A Ingila ta wancan lokaci, abin da mace ta mallaka yakan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, sai dokokin 1870 da 1882 suka gyara wannan. Kafin 1857 kuma, rabuwar aure sai da dokar majalisa ta musamman, abin da sai manyan masu kuɗi ke iyawa.

Mu a nan shari'a ta ba mace abin da Charlotte ba ta samu ba. Da a gaban alƙalinmu aka raba gadon Bennet, da 'ya'yansa biyar sun ɗauki kashi biyu cikin uku, matarsa ta ɗauki tumuni, abin da zai rage wa dangi maza irin su Collins bai wuce kashi 5 cikin 24 ba. Dukiyar mace tata ce ko tana da aure, kuma tana da hanyar kotu in zama ya ƙi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah: gonakin fadama nawa ne 'yan uwa maza suka riƙe da sunan ana juya wa mata, shekara ta bi shekara ba a raba ba? 'Yan mata nawa ne ake cirewa daga aji uku na sakandare saboda wani mai hali ya yi magana? Duk malamin makarantar 'yan mata ya san kujerar da takan zama wofi bayan hutun ƙarshen shekara. Yarinyar da aka hana gadonta, aka katse karatunta, ba a koya mata ko ɗinki ko turara shinkafa ba, in ta zaɓi mai kuɗi ba kwaɗayi ta yi ba, lissafi ta yi irin na Charlotte. Kuma tun da mu saki yana da sauƙi a wurinmu, auren da aka ƙulla a kan lissafi kaɗai yakan ƙare a zawarci, 'ya'ya su tashi a hannun kishiyar uwa. Su ne Kyautan zamaninmu.

Kammalawa

Karin maganar nan ba ƙarya ba ce, dacewa tana da muhimmanci a aure. Abin da ya kamata mu gyara shi ne ma'auni. Asali ba aikin mutum ba ne, don haka bai kamata ya zama dalilin ƙi shi kaɗai ba, kuma mazhabar da muke bi ba ta sa shi sharaɗi ba. Dukiya a tambaye ta gwargwadon abin da zai riƙe gida, in an wuce nan an shiga ciniki. Hali da addini su ne abin da za a kwana da shi a tashi da shi shekara arba'in, su suka cancanci wahalar bincike. Bayan duk wannan kuma sai yardar mai zaman, domin ita za a kai ɗakin, ba waliyyinta ba.

Ga iyaye, in kuna so 'yarku ta zaɓi hali a kan kuɗi, ku ba ta ilmi da sana'a da gadonta, yadda yunwa ba za ta yi mata zaɓi ba. Ga samari da 'yan mata, ku sani shawarar manya ba gaba ba ce, kuma mai daɗin baki ba lalle ne mai daɗin zama ba. Ga 'yan uwana marubuta kuwa, muna jiran littafin da yarinya za ta zaɓi talaka mai hali, ya ci gaba da zama talaka har ƙarshen labari, a nuna mana daɗin zaman da ɗacinsa yadda suke. Irin wannan littafi zai fi amfanar ɗalibanmu a kan guda ɗari masu ƙarewa da gidan sama da mota.

Allah Ya haɗa kowa da abokin zama na gari, Ya ba iyaye ikon yin adalci ga abin da aka ba su amana, amin.